Abubuwan da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Neman Bizar Karatu a Ƙasashen Waje

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, akan sami ɗalibai da dama waɗanda hankalinsu ke karkata ga karatu a ƙasashen waje, musamman waɗanda suka yi fice a darussan kimiyya. Wasu burinsu likitanci ne, wasu aikin injiniya, wasu kuma kimiyyar kwamfuta. Tambayar farko da irin waɗannan ɗalibai suka fi yi wa malamansu ita ce: yaya ake samun biza? Alhali kuwa biza ita ce mataki na ƙarshe a cikin wani dogon shiri da kan ɗauki shekara guda ko fiye. Jami'in da ke duba takardu yana auna shirin da ɗalibi ya riga ya yi ne. Wanda ya yi gaggawa ya miƙa takardun da ba su cika ba yakan yi asarar kuɗin da ba a mayarwa, ya kuma rasa shekarar karatu, wani lokaci ma a hana shi shiga ƙasar na tsawon shekaru.

Wannan darasi ya ɗauki tsarin ƙasar Birtaniya a matsayin misali, domin ƙa'idojinta a rubuce suke dalla-dalla, kuma tana cikin ƙasashen da ɗaliban Nijeriya suka fi zuwa. Inda ya dace za a kwatanta da Jamus da Kanada da Amurka. An haɗa kowane adadi da shekararsa, saboda waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa a kai a kai.

Fasfo da Biza da Izinin Zama

Ya kamata a fara da bambance abubuwa uku da ake yawan rikita su. Fasfo takarda ce da ƙasar mutum ke ba shi domin shaida cewa shi ɗan ƙasar ne, kuma a Nijeriya Hukumar Shige da Fice ce ke bayar da shi. Biza kuwa izini ne da ƙasar da za a je take bayarwa ta hannun ofishin jakadancinta ko ma'aikatarta ta harkokin cikin gida. Tana ba mutum damar ya isa bakin iyakar ƙasar ya nemi shiga, amma jami'in shige da fice da ke filin jirgin sama yana da ikon mayar da shi idan ya ga dalili. Na uku shi ne izinin zama. A Kanada, alal misali, bizar shiga daban take, takardar izinin karatu ita ma daban, kuma a filin jirgin sama ake miƙa wa ɗalibi ta biyun. A Jamus ɗalibi yakan shiga da biza ta 'yan watanni, sannan ya nemi izinin zama a ofishin kula da baƙi na garin da yake karatu.

Kowace biza tana da manufarta. Wanda ya shiga Birtaniya da bizar ziyara ba shi da damar ya mayar da ita ta karatu yana cikin ƙasar. Dole ne ya koma gida ya nema daga can.

A watan Oktoba na 2020 Birtaniya ta fara aiki da sabon tsarin bizar ɗalibai, wanda ya tanadi cewa mai nema zai sami maki 70. Takardar tabbatar da gurbin karatu tana da maki 50, shaidar kuɗi maki 10, shaidar iya Turanci maki 10. Babu wanda ake iya cike gurbinsa da wani. Bayan waɗannan, sai jami'i ya gamsu cewa mai neman karatun ya je yi da gaske. Waɗannan abubuwa huɗu, wato makaranta da kuɗi da harshe da niyya, su ne ginshiƙan bizar karatu a kusan kowace ƙasa, ko da sunayen takardun sun bambanta.

Na Farko: Makaranta

Akwai tambayoyi biyu da ake yi game da makaranta. Ta farko ita ce, shin ƙasar da makarantar take ta ba ta lasisin ɗaukar ɗalibai daga waje? A Birtaniya, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida tana wallafa jerin makarantun da ke da wannan lasisi a shafinta na intanet, kuma kowa na iya dubawa kyauta. Makaranta mai lasisi ce kaɗai ke iya bayar da lambar da ake kira CAS, wadda ke ɗauke da sunan kwas, da tsawonsa, da kuɗinsa, da abin da ɗalibi ya riga ya biya. Takardar tayin gurbi ta farko da jami'a ke aikowa ba ta isa neman biza ba, sai an sami wannan lamba. A Amurka takardar da ke yin wannan aiki ita ce I-20. A Kanada ma akwai jerin makarantun da gwamnati ta amince da su.

Ana iya ƙwace lasisin. A watan Agusta na 2012 gwamnatin Birtaniya ta soke lasisin Jami'ar London Metropolitan, lamarin da ya jefa ɗalibai 'yan ƙasashen waje fiye da 2,000 cikin zullumi kafin a mayar mata da shi a 2013. Idan hakan ta faru da babbar jami'a, to ƙaramar kwalejin da ba a san tarihinta ba ta fi cancantar a bincike ta.

Tambaya ta biyu ita ce, shin za a amince da takardar shaidar idan ɗalibi ya dawo gida? A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida a Nijeriya ya fallasa yadda ya sami digiri cikin makonni shida daga wata makaranta a birnin Kwatano. A watan Janairu na 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo domin gudanar da bincike, kuma matakin ya shafi har da ɗaliban da suka yi karatunsu tsakani da Allah. Wanda ya yi digiri a waje sai ma'aikatar ta tantance takardunsa kafin ya tafi hidimar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci kuwa, sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya kafin a ba shi lasisin aiki. Saboda haka ana tuntuɓar waɗannan hukumomi ne tun kafin a biya kuɗin makaranta.

Wani abin lura ga ɗaliban sakandare shi ne, yawancin jami'o'in Birtaniya ba sa ɗaukar mai takardar WAEC ko NECO kai tsaye zuwa shekarar farko ta digiri. Sukan buƙaci ya yi shekara guda ta share fage. A Jamus ma akwai irin wannan kwaleji ta share fage. Wannan ƙarin shekara ce, da ƙarin kuɗi, da ya kamata a sa a lissafi.

Na Biyu: Kuɗi

A nan ne aka fi samun tangarɗa. Birtaniya tana buƙatar ɗalibi ya nuna kuɗin makaranta na shekarar farko, tare da kuɗin zama na wata 9. Kafin 2025 kuɗin zaman fam 1,334 ne a wata ga mai karatu a Landan, da fam 1,023 ga mai karatu a wajenta. A watan Janairu na 2025 aka ɗaga su zuwa fam 1,483 da fam 1,136, sannan a watan Nuwamba na shekarar aka sake ɗaga su zuwa fam 1,529 da fam 1,171.

Ga misalin lissafi bisa ƙa'idar Nuwamba 2025. A ɗauka ɗalibi ya sami gurbi a wata jami'a da ke wajen Landan, wadda kuɗinta fam 15,000 ne a shekara. Kuɗin zama zai kasance fam 1,171 sau 9, wato fam 10,539. Jimillar da zai nuna ita ce fam 25,539. Idan ya riga ya biya jami'a wani abu, kuma an rubuta shi a kan CAS, sai a cire shi daga jimillar. Bayan wannan akwai kuɗin neman biza, wanda ya tashi daga fam 363 zuwa fam 490 a Oktoba 2023, ya kuma koma fam 524 a Afrilu 2025. Akwai kuma kuɗin kiwon lafiya, wanda ya tashi daga fam 470 zuwa fam 776 a kowace shekara daga Fabrairu 2024, kuma ana biyan na dukan shekarun bizar a lokaci guda. Idan aka ƙi ba da biza akan mayar da kuɗin lafiyar, amma ba a mayar da kuɗin neman biza.

Mallakar kuɗin kaɗai ba ta wadatar ba, akwai ƙa'idar yadda ake nuna su. Dole ne su zauna a asusun banki kwana 28 a jere ba tare da sun gaza adadin da ake buƙata ba ko da na yini ɗaya. Dole ne kuma ranar ƙarshe ta wannan lokaci ta kasance cikin kwana 31 kafin ranar neman biza. Har ila yau, asusun ya zamo na ɗalibin ne ko na mahaifansa ko na wanda doka ta amince shi ne mai riƙonsa. Idan na mahaifa ne, sai a haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Wannan batu ya shafi iyalai da yawa, domin sau da dama kawu ko baffa ko babban wa ne ke ɗaukar nauyin karatu, kuma ba a karɓar asusun waɗannan. Mafita ita ce a tura kuɗin zuwa asusun ɗalibin tun da wuri, a kuma adana shaidar inda suka fito. Gida da gona da garken shanu da hannun jari, komai darajarsu, ba sa cikin lissafi.

Sauran ƙasashe suna da irin wannan sharaɗi. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin rajista na zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg ta fara karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Duk da haka ɗalibi yakan ajiye kuɗin zaman shekara guda a wani asusu na musamman da ake kullewa, a riƙa sakar masa kaso guda kowane wata. Daga Satumba 2024 adadin ya kai yuro 11,904, wato yuro 992 a wata. Kanada kuwa ta ɗaga nata daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a Janairu 2024, wato ya ninka a dare ɗaya.

Darajar kuɗin gida ita ma abar dubawa ce. A farkon watan Yuni na 2023 ana canjin dalar Amurka a farashin hukuma a kan kimanin Naira 460. A tsakiyar watan Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin, kuma ya zuwa Fabrairu 2024 dala ta haura Naira 1,500. Kuɗin makaranta na dala 15,000, wanda a da yake daidai da Naira miliyan 6.9, ya koma Naira miliyan 22.5. A watan Mayu na 2024 kafofin yaɗa labarai suka ruwaito cewa an dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta arewa maso gabashin Ingila saboda sun kasa biyan kuɗi a kan lokaci, aka kuma umarce su da barin ƙasar. Waɗannan ɗalibai sun cika sharaɗin kuɗi a lokacin da suka nemi biza. Darasin shi ne, ofishin biza kuɗin shekara guda yake tambaya, amma iyali na shekara uku ko huɗu za su biya. Wajibi ne su lissafa na dukan shekarun, su kuma tambayi kansu ko za su iya ci gaba idan farashin canji ya sake ninkawa.

Wasu sukan ce ɗalibi zai yi aiki ya biya wa kansa. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Bizar Birtaniya ta yarda mai karatun digiri ya yi aikin sa'a 20 a mako lokacin zango, wanda kwas ɗinsa bai kai digiri ba kuma sa'a 10, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba. A Afrilu 2025 mafi ƙarancin lada ga mai shekara 18 zuwa 20 fam 10 ne a sa'a. Sa'a 20 za ta ba shi fam 200 a mako, wato fam 800 a mako huɗu. Wannan bai kai fam 1,171 da gwamnati ta ƙiyasta na ci da masauki ba, balle a yi zancen kuɗin makaranta. Wanda ya wuce sa'o'in da aka ƙayyade kuma ya karya sharaɗin bizarsa.

Game da tallafin karatu, fitattun shirye-shirye irin su Chevening da na Ƙungiyar Kwamanwel da DAAD na Jamus sun fi karkata ga masu digiri na biyu da na uku. Chevening yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Ga ɗalibin da iyayensa ba su da hali, hanya mafi sauƙi sau da yawa ita ce ya yi digirin farko a gida, ya fita da sakamako mai kyau, sannan ya nemi tallafi.

Na Uku: Harshe

Ƙasashen Turai suna auna iya harshe da ma'auni mai hawa shida, daga A1 zuwa C2. Birtaniya tana buƙatar hawan B2 a Turanci ga mai karatun digiri, da B1 ga wanda kwas ɗinsa bai kai digiri ba. Jarrabawar da aka fi sani ita ce IELTS, wadda ke gwada sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma sakamakonta shekara biyu yake aiki. Wasu jami'o'in sukan karɓi kiredit a Turancin WAEC a madadinta, amma wannan hukuncin kowace jami'a ne, don haka a nemi amsarta a rubuce. A Jamus yawancin kwasa-kwasan digirin farko da Jamusanci ake koyar da su. Mai son likitanci a ƙasar da ba a jin Turanci ya tuna cewa ko da darasin aji da Turanci ne, marasa lafiyar da zai duba a asibiti da harshensu za su yi masa bayani.

Na Huɗu: Niyya

Ana iya kiran mai neman bizar Birtaniya a yi hira da shi, sau da yawa ta bidiyo. Akan tambaye shi dalilin zaɓen wannan kwas da wannan jami'a, da darussan da zai ɗauka, da wanda zai biya masa, da abin da zai yi bayan kammalawa. Ɗalibin da bai san sunan darasi ko ɗaya a cikin kwas ɗinsa ba ya nuna cewa wani ne ya zaɓa masa. Haka nan wanda ya yi digiri a kimiyyar sinadarai, sai ga shi yana neman ƙaramar difiloma a fannin da bai shafi karatunsa ba, zai fuskanci tambayoyi. A Amurka doka ta fi tsauri: sashe na 214(b) na dokar shige da fice yana ɗaukar duk mai neman biza a matsayin mai niyyar zama dindindin har sai ya gamsar da jami'i cewa zai koma gida.

Gaskiya ita ce jarin mai nema. Wanda aka samu da yaudara, kamar miƙa bayanin asusu na jabu, Birtaniya tana iya hana shi biza har shekara 10. Fom ɗin kowace ƙasa yana tambayar ko an taɓa hana mutum biza a wani wuri, kuma Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand suna musayar bayanan zanen yatsu a tsakaninsu. Ɓoye hanin da aka taɓa yi ya fi hanin kansa illa.

A nan ne batun dillalai ke shigowa. Akwai na kirki, waɗanda jami'o'i ke wallafa sunayensu a shafukansu, amma babu dillalin da ke da ikon ba da biza ko tabbatar da samunta. A 2023 aka gano cewa ɗalibai da dama 'yan Indiya sun shiga Kanada da takardun gurbi na bogi da wani dillali ya haɗa musu, suka fuskanci barazanar kora bayan sun yi shekaru a ƙasar. Daga Disamba 2023 Kanada ta wajabta wa makarantu su tabbatar da kowace takardar gurbi kai tsaye. Ɗalibi ya karanta duk abin da aka cike da sunansa, ya yi amfani da adireshin imel nasa na kansa, ya kuma biya kuɗin makaranta a asusun jami'a, domin shi ne zai ɗauki alhakin abin da aka miƙa.

Takardun da Suka Shafi Lafiya da Kimiyya

Nijeriya tana cikin ƙasashen da Birtaniya ke buƙatar gwajin tarin fuka daga mutanensu idan za su zauna fiye da wata shida. Ana ɗaukar hoton ƙirji a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, kuma takardar wata shida take aiki. Idan hoton bai fito sarai ba sai a gwada majina, kuma da yake ƙwayar cutar tarin fuka tana da jinkirin girma a ɗakin gwaji, sakamakon na iya ɗaukar kusan wata biyu.

Ɗaliban kimiyya suna da wani ƙarin mataki. Tun 2007 Birtaniya take buƙatar takardar da ake kira ATAS ga masu karatun gaba da digirin farko a wasu fannoni, kamar kimiyyar lissafi da fiziks da sinadarai da wasu sassan injiniya, domin tabbatar da cewa ba za a yi amfani da ilimin wajen ƙera makamai ba. Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke bayar da ita kyauta, amma takan ɗauki makonni.

Lokaci

Kowace takarda tana da wa'adinta, don haka ana tsara shiri ne daga ranar fara karatu a dawo baya. Ga mai son fara digirin farko a Birtaniya a watan Satumba, wa'adin neman gurbi yakan cika a watan Janairu, na likitanci kuwa tun tsakiyar Oktoba na shekarar da ta gabata. Ana iya neman biza wata shida kafin fara karatu, kuma lambar CAS wata shida take aiki. Amsa takan fito cikin mako uku, ko da yake akan sami jinkiri a watannin Yuli da Agusta saboda cunkoso. Kada a sayi tikitin jirgi kafin biza ta fito. Wanda bai kai shekara 18 ba kuma yana buƙatar rubutacciyar amincewar mahaifansa.

Doka da Yanayi Suna Sauyawa

Shawarar wanda ya tafi shekara uku da suka wuce tana iya zama tsohon labari. Daga Janairu 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu, in ban da masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Damar zama a yi aiki na shekara biyu bayan kammalawa, wadda aka fara a Yuli 2021, an sanar a 2025 cewa za a rage ta zuwa wata 18 daga Janairu 2027. Kanada ta ƙayyade yawan izinin karatu a Janairu 2024. Amurka kuwa, a Yuni 2025 ta tsaurara duba shafukan sada zumunta na masu neman bizar karatu, a Disamba 2025 kuma ta sanar da dakatar da ba 'yan Nijeriya sababbin bizar karatu daga 1 ga Janairu 2026, tare da hani mafi faɗi a kan 'yan Nijar. Saboda haka shafin gwamnatin ƙasar da za a je, a ranar da za a nema, shi ne abin dogaro.

Zaman lafiyar ƙasa ma abin aunawa ne. Yaƙin Yukuren da ya ɓarke a Fabrairu 2022, da na Sudan a Afrilu 2023, sun katse karatun dubban ɗalibai. Waɗanda ke Khartum, da yawansu daga arewacin Nijeriya, sai da aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan kafin a dawo da su gida. Yana da kyau ɗalibi ya yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa, ya kuma riƙa karɓar kwafin sakamakonsa a ƙarshen kowace shekara.

Rawar da Malamai Za Su Taka

Malamai na iya kawar da wata matsala tun daga tushe, wato saɓanin suna da ranar haihuwa. Sau da yawa akan ga Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a takardar WAEC, Muhammadu kuma a fasfo. Gyara wannan lokacin rajistar jarrabawa ya fi sauƙi a kan gyara shi ana saura wata guda a rufe neman biza. Haka kuma malamai ne ke rubuta wasiƙar shaida, su ne kuma iyaye suka fi sauraro. Idan lissafi ya nuna kuɗi ba za su kai ƙarshen karatu ba, faɗin gaskiya tun da wuri taimako ne, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kammalawa

An ga cewa bizar karatu ta dogara ne a kan makaranta mai lasisi wadda za a amince da takardarta a gida, da kuɗin da za su kai ƙarshen karatu, da harshen da ake koyarwa da shi, da niyya ta gaskiya. Ɗalibin da ya iya amsa tambayoyin da suka shafi waɗannan huɗu da takardu a hannu ya shirya. Wanda bai iya ba, jinkirin shekara guda ya fi masa alheri a kan a rubuta masa hani a tarihinsa.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin fasfo da biza da izinin zama.

2. Wata ɗaliba ta sami gurbi a Landan, kuɗin makaranta fam 18,000, ta kuma biya fam 4,000 wanda aka rubuta a kan CAS. Bisa ƙa'idar Nuwamba 2025, nawa za ta nuna a asusunta?

3. Idan kawun ɗalibi ne zai ɗauki nauyin karatunsa a Birtaniya, wane mataki ya kamata a ɗauka, kuma yaushe?

4. Kawo dalilai biyu da suka sa bai kamata a dogara da aikin wucin gadi wajen biyan kuɗin makaranta ba.

5. Aikin aji: kowane ɗalibi ya kwatanta sunansa da ranar haihuwarsa a dukan takardunsa, ya kai wa malamin aji duk saɓanin da ya gani.